Ruwa Bai Tafasa Ba

Minti shida ruwan shayi yake yi ya tafasa a kan rishonmu. Da agogo na auna, kwana tara bayan rasuwar matata, ranar da masu zaman gaisuwa suka watse aka bar ni da tukwane. Na tsaya ina kallon butar tana huci, sai na ji haushi ya taso mini. Shekara goma sha tara matar nan tana ce mini ruwa bai tafasa ba.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne. Shagona yana ƙasan benen da muke zaune, tsakanin mai wanki da guga da wani mai sayar da fenti. Matakala ashirin da biyu ce tsakanin ƙofar ɗakina da teburin aikina, kuma ban taɓa sha'awar tafiyar da ta fi wannan nisa ba. Shekara goma sha tara da suka wuce aka yi mini aikin maƙoƙo, aka cire abin da ke wuyana gaba ɗaya. Likita ya ce abin da aka cire shi ne ke hura wa jiki wuta, saboda haka zan riƙa shan wata 'yar farar ƙwaya kullum, ta riƙa yin aikinsa har iyakar rayuwata. Ranar da aka sallame ni wuya na ciwo, rai a ɓace, ban saurari kowa ba. Matata ce ta ɗauki takardar ta kai kemis ɗin da ke kwanar layinmu, ita aka yi wa bayani. Tun daga ranar ban san ko launin kwalin ba.

Ga yadda safiyarmu take. Ina idar da sallar asuba za ta miƙo mini ƙwayar a tafin hannunta, da kofin ruwa, ruwa zalla. In haɗiye, in koma teburin cin abinci in zauna jiran shayi. Ita kuwa sai a lokacin take tuna duk wani aikin duniya. Ta share falo. Ta ba shuke-shukenta ruwa, waɗanda ta jera a taga cikin gwangwanayen da mai fenti ke ba ta. Ta ninke kayan da aka riga aka ninke jiya. Ta zauna ta ba ni labarin mafarkin da ta yi, mafarkin da ba kai ba gindi, ko ta kawo zancen matar mai wanki da surukarta.

"Hawainiya," in ce, "shayin nan fa?"

"Ruwa bai tafasa ba, Injiniya."

Injiniya take ce mini don tsokana, tun ranar da na kwance mata fanka na mayar, noti uku suka yi saura. Ni kuma na laƙaba mata Hawainiya, har jikokinmu suka taso suna tsammanin sunan yanka ne. Ni mutum ne mai gardama da gajen haƙuri, ban taɓa ɓoyewa ba. Na sha cewa rishon ne ya lalace, na kwance shi na goge. Na sayo sabuwar buta. Na taɓa ce mata da a ce ita ce ke dafa wa sojoji abinci, da an ci ƙasar nan da yaƙi kafin a karya kumallo. Ta yi dariya har da hawaye, shayin kuma bai zo ba sai lokacin da ya saba zuwa.

Da ta rasu na tarar da maganin a cikin gwangwanin biskit a saman kabad, kwali shida a jere, ta ɗaure su da kyauron roba. Na ce to, ga magani, ga ni, abin da ya rage mai sauƙi ne. Teburin nan ne dai ba na iya zama a kansa. Kujerarta tana fuskantar tawa, kuma ko na juya mata baya ina jin ta. Sai na shiga sabon tsari: in dafa shayi, in zuba madara mai yawa yadda take hana ni, in jefa ƙwayar a baki in kora da shi a tsaye, in ciji burodi, in sauka. 'Yata, ita kaɗai Allah ya ba mu, tana aure a wani gari mai nisan awa biyar a mota. Ta ga na rame a kwanakin gaisuwa, sai ta aiko mini da ƙwayar ƙarfin ƙashi da ta ƙarin jini. Su ma na haɗa su a tafin hannu, uku rigis, in haɗiye gaba ɗaya. Cikin minti goma na gama da safiya. Har alfahari nake yi a raina, ina buɗe shago kafin mai wanki ya kunna dutsen gugarsa.

Wata na uku sanyi ya fara kama ni. Ana zafi mutane na neman inuwa, ni ina cikin rigar sanyi. Fuskata ta kumbura, idanuna suka shige ciki, muryata ta dushe kamar ta wanda ya kwana yana ihu. Matakalar nan ashirin da biyu sai na huta sau biyu kafin in kai ƙarshenta. Na ce baƙin ciki ne, haka kowa ma ya ce. Mai fenti ya ce in riƙa fita ina shan iska, mai wanki ya ce in yi aure. Na ce masa ya fara gyara nasa.

Abin da ya ba ni tsoro aikin ne. Wata tela ta kawo kekenta yana tsallake ɗinki. Aikin rabin awa ne, na yi kwana biyu a kai. Da ta zo karɓa ta taka, zare ya tsinke. Ta sake takawa, ya sake tsinkewa. Ta sunkuya ta duba, sannan ta ɗago a hankali.

"Baba, allurar a juye take."

Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a. Ko ranar da na fara ban sa allura a juye ba. Ta gyara da kanta, ta yi mini godiya, kuma godiyar ta fi zagi ciwo. Bayan kwana huɗu mai wanki ya leƙo da azahar ya same ni na kifa kai a kan tebur ina barci, ƙofa a buɗe, sukundireba a hannuna. Ya tashe ni da ƙyar. Ya fita ya kira 'yata a waya.

Washegari ta iso. Uwata nake ce mata, don sunan mahaifiyata ta ci, kuma in ta tsare ni da ido ba ta da maraba da mai sunan. Ta kai ni asibiti aka ɗebi jini. Likitan matashi ne, idonsa na kan allon kwamfuta, in zai yi magana kuma ita yake kallo.

"Jinin ya nuna kamar ba ya shan maganin."

"Ina sha," na ce.

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

Ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa yaro mai cewa ya wanke hannu. Ya ce wa 'yata masu shekaru sukan manta, musamman in suna zaune su kaɗai, a samu wanda zai riƙa sa ido. Ya rubuta sabuwar takarda, ya ƙara ƙarfin ƙwayar. Ina zaune a gabansa ana shawara a kaina, ban san hawa ba ban san sauka ba.

A gida na ɗauko gwangwanin biskit na zazzage mata fankunan maganin a kan tebur, duk an ɓare su.

"Ga su nan, Uwata. Aljanu ne suka sha?"

"Baba, fanko ba shaida ba ne. Wataƙila kana ɓarewa ta faɗi, wataƙila kana ajiyewa ka manta." Ta zauna a kujerar uwarta, abin da ba wanda ya yi tun rasuwar. "Na gyara maka ɗaki a wurinmu. Asabar ta sama zan zo da mota. Shagon nan a rufe shi, ka huta haka nan."

Na san ɗakin. Hawa na bakwai ne, tagarsa tana kallon filin ajiye motoci, a can suke tara akwatunan da ba a amfani da su. Na ce ba inda za ni. Ta ce, "Baba, in na same ka a ƙasan matakala fa? Me zan ce wa Mama?" Ta tafi da yamma, ta bar mini kwana goma sha biyu.

Abin da ban gaya mata ba shi ne ni ma na fara shakka. Da ta fita na durƙusa a ƙasan tebur da tocila ina neman fararen ƙwayoyi. Na laluba ƙarƙashin kabad, na zazzage aljihunan riguna. Na samo maɓalli biyu da ɗan kunnenta guda da ta ɓatar bara, ƙwaya ko ɗaya babu. Na daɗe a zaune a ƙasa, tashi ya gagare ni, kuma babu wanda zan kira ya miƙo mini hannu. Daga ranar na ɗauko allin tela, duk sanda na haɗiye sai in ja layi a bangon kicin. Layuka suka kai bakwai, jikina yana nan yadda yake. Na fara tunanin ko mutumin da ke manta magani zai iya jan layi bai sha ba.

Rana ta takwas kwalin ƙarshe ya ƙare. Na ɗauki takardar likita na nufi kemis, karo na farko a rayuwata. Tafiyar minti biyar ce, na yi ta a ashirin. Mai maganin mace ce da ta manyanta, tabarau a rataye a wuyanta da igiya. Ta karanta takardar, ta dube ni, ta sake karantawa.

"Kai ne Injiniya?"

Na ce ni ne, amma wa ya gaya mata.

"Mama mana. Wata shida ban gan ta ba, na ce ko tafiya ta yi. Tana lafiya?"

Na ɗauka na saba faɗa, ashe ban saba ba. Da na ce mata Mama ta rasu, ta dafa kai da hannu biyu, ta yi salati, ta yi addu'a. Ta fito daga bayan kantar magani ta jawo mini kujerar roba. Ta ce duk farkon wata Mama kan zo, ta zauna a wannan kujerar, su yi hira, watan ƙarshe kuma ta ce a ba ta na wata shida don ƙafarta ta fara damunta. Sannan ta mayar da tabarau ta sake ɗaukar takardar.

"Baba, shekara goma sha tara kana kan awo ɗaya, bai taɓa motsi ba. Me ya sa yanzu aka ƙara?"

"Sun ce ba na sha."

"Kana sha?"

"Ina sha, 'yar nan. Har layi nake ja a bango."

"Da me kake sha?"

"Da baki," na ce, don na gaji da tambayoyi.

Ba ta yi fushi ba, murmushi ma ta yi, irin na wadda aka riga aka ba labarin halina. Ta ce in ba ta labarin safiyata tun daga tashi. Na ba ta, har da alfaharin minti goman. Da na zo kan madara ta runtse ido. Da na ambaci ƙwayar ƙashi da ta jini ta ajiye biron hannunta.

"Baba, haɗiya daban, shiga jini daban. Ƙwaya in ta sauka ciki sai ta narke, ta gangara ƙaramin hanji. Ta jikin bangon hanjin nan take tsotsuwa ta shiga jini, jini ya kai ta inda za ta yi aiki. Duk abin da bai ratsa bangon nan ba, ba ka sha shi ba, wucewa kawai ya yi ta cikinka ya fita. Wasu magungunan ba ruwansu da abinci, wasu ma sai da shi. Wannan taka kuwa ba ta son abokin tafiya. Abin da ke cikin madara, da na ƙwayar ƙashi, da na ƙwayar jini, kama ta suke yi su manne mata, ta kasa ratsawa. Kai kuma ka haɗa mata su duka uku."

Na juya maganar a raina. Na san wannan abin, a hannuna na san shi. Keke in ya tara ƙurar zare ka ɗiga masa mai a kai, ƙurar ce za ta shanye, ƙarfen yana ƙasa a bushe. Mai keken ya rantse kullum yana sa mai, kuma gaskiya ya faɗa. Sau nawa na yi wa teloli faɗa a kan haka.

"Wato man yana zuba, ƙarfe bai samu ba."

"Ka ga ka fi ni iya faɗa. Da sassafe, ciki ba komai, da ruwa zalla. Sannan ka jira rabin awa, in da hali awa guda, kafin ka sa wani abu a baki. Waɗancan biyun kuma sai bayan awa huɗu." Ta dube ni ta saman tabarau. "Ai ka san wannan, Baba. Haka kake yi shekara da shekaru."

"Ni? Ni dai na san ana ba ni shayi a makare."

Sai ta gane, ni ma na gane a fuskarta. Ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa ƙirjinta.

"Ni na yi mata bayanin, ina sabuwar fara aiki a nan. Na ce ta gaya maka. Ta ce, 'Yar nan, ba ki san shi ba. In na ce masa doka ce, gobe zai karya don ya ga abin da zai faru. Bar ni da shi, na san ta inda zan ɓullo masa."

An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A gidanmu kunnenta ne ya ji, jikina ya tsira, kuma ladan da ta samu shi ne sunan Hawainiya. Na zauna a kujerar robar nan na yi kuka a gaban mutane, wata mata da ta zo sayen maganin tari ta tsaya tana kallona. Mai maganin ta rubuta wa likita 'yar wasiƙa, ta ba ni kwali ɗaya na tsohon awon, ta ce kada in fara sabon sai ya gani. Washegari na kai masa ni kaɗai. Wannan karon ni ya kalla. Ya ce in tsaya a kan tsohon awo, in sha yadda aka ce, a sake ɗiban jini bayan mako shida.

Na kira 'yata na ce ta ba ni mako shida. Na gaya mata zancen madara da rabin awa. Zancen ƙwayoyin da ta aiko kuwa na haɗiye shi, don na san ta, za ta ɗora wa kanta.

"Ni ma na ɗauka sanyin jiki ne da Mama," ta ce. "Har gori nake yi mata." Can ta ja hanci. "Mako shida, Baba. In jinin bai gyaru ba, ba sauran gardama."

Ban taɓa sanin tsawon rabin awa ba sai washegari. Na haɗiye ƙwayar da ruwa, na ajiye agogo a kan tebur, na zauna. Na share falo, minti huɗu ya ci. Na je taga in ba shuke-shuke ruwa, na tarar duk sun bushe tun tuni, sai kara a cikin gwangwani. Na ninke riguna biyu. Na dawo na duba agogo, saura minti goma sha tara. Ba ni da mafarkin da zan ba wani, ba kuma wanda zan ba. Makon farko 'yata takan kira ta taya ni jira, ina jin hayaniyar yaranta ana neman takalmin makaranta. Mako na biyu ta kira sau uku. Daga nan sai saƙo, kuma ban ga laifinta ba, safiyarta tana da masu ita.

Jiki dai ya karɓa. A mako na huɗu na cire rigar sanyi. Na hau matakala ban tsaya ba, sai da na kai sama na lura. Telar nan ta sake kawo wani keken, ban sani ba ko don tausayi ne, na gama shi tana tsaye, ta taka ya tafi sumul. Da aka ɗebi jini likita ya juyo da allon ya nuna mini lambobin, ya ce sun kusa komawa daidai. Na karanta wa 'yata su a waya ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗalibin da ya ci jarrabawa.

"Shi ke nan, Baba," ta ce. "Ka yi zamanka."

Na ci gardamar, irin yadda na saba ci. Shagona yana buɗe, akwatunansu sun koma ɗakin hawa na bakwai, an bar ni a gidana ni kaɗai kamar yadda na nema.

Yau da safe na sha ƙwayar, na zauna a kujerata ina fuskantar tata. Na daina ajiye agogo, cikina ya san lokacin. Wajen minti na ashirin yunwa ta fara cizo, haushin nan da na saba ya taso, kafin in ankara na juya wajen kicin.

"Hawainiya, shayin nan fa?"

Butar tana kan risho, ban ko kunna ba. Na saurara, ƙasa mai wanki yana jan ƙofar shagonsa. Da na ga ba mai amsawa, sai na amsa da kaina, a hankali, yadda take faɗa.

"Ruwa bai tafasa ba, Injiniya."

Na gyara zama, na jira sauran minti goman.